Ina son canja firi'am ɗin jitar bes ɗina, akwai wanda ya taɓa yi?

Mai Tsirkiya Biyar:

Salamunku 'yan'uwa makaɗa. Ina da jitar bes mai tsirkiya biyar, irin mai amfani da batir, gwanjo na saye ta shekara 3 da suka wuce. Da ita nake kiɗa a coci ranar Lahadi a nan Jos, da ita kuma nake zuwa bukukuwa. Itacenta na da kyau, wuyanta ya zauna mini a hannu, shi ya sa ba na son rabuwa da ita. Muryarta ce damuwata. In ni kaɗai ne a ɗaki, ba laifi. Amma da zarar ganguna da fiyano sun shigo, sai in ɓace. Ana jin gurnani a ƙasa, ba a jin abin da yatsuna ke faɗa. Mamurɗai huɗu gare ta: na ƙara, na haɗa fikof biyu (wato na'urorin da ke ƙarƙashin tsirkiya suna ɗaukar sautinta), na kauri, na kaifi. In na ƙara kauri sai ta zama kunu, in na ƙara kaifi sai tsuwa ta taso.

Wani ya ce in cire firi'am ɗin, wato ɗan allon lantarkin da ke cikin cikinta, in sa Aguilar OBP-3. Sai an yi odarsa daga waje, kuma kun san yadda dala take. Zai canja muryar da gaske, ko zubar da kuɗi zan yi?

Tsohon Makaɗi:

Ƙanena, kafin ka taɓa aljihunka, yaushe rabonka da canja tsirkiya? Ka faɗi gaskiya. Na sha ganin yara suna zagin jita alhali gumin shekara biyu ne ya toshe tsirkiyar. Firi'am ba ya ƙirƙirar sauti, abin da tsirkiya da fikof suka miƙa masa shi yake ƙarawa ko ragewa. In kaifin ya mutu tun daga tsirkiya, mamurɗin ba shi da abin ɗagawa sai tsuwa, kuma ita ce kake ji.

Sai dai yadda ka bayyana ciwon, na gane shi sarai. Tsakiya ce ba ka da ita, wato sautin da ke tsakanin kauri da kaifi. Tsirkiyar E tana kusan 41 Hz (ma'aunin kaɗawar sauti a daƙiƙa ɗaya), ta B ɗinka ta biyar kusan 31 Hz, kuma yawancin lasifikokin da muke haya a biki ba sa iya fitar da waɗannan da kyau. Abin da kunnen mutanen bayan zaure ke kamawa yana can sama, tsakanin 400 zuwa 800 Hz. Firi'am mai mamurɗi biyu, in ka ɗaga kauri da kaifi tare, kamar ka haƙa rami ne a tsakiya, ka faɗa ciki da kanka. Ranar Lahadi mai zuwa ka mayar da mamurɗan biyu tsakiyar juyinsu, ka ɗan karkata zuwa fikof na kusa da gada, wato ƙarfen da ke riƙe tsirkiya a jikin jita, ka ƙara ƙara daga amfilifaya. A ɗaki ba za ta yi maka daɗi ba, amma ka saurare ta cikin taro.

Kada kuma ka ɗauka mamurɗi biyu aibi ne. Music Man StingRay da ta fito a 1976 biyu gare ta da batir ɗaya, kuma har gobe ana neman muryarta. Na Sadowsky ma biyu ne, ƙari kawai yake yi, ba ya ragewa.

Mai Dalma:

Baba ya faɗi gaskiya, amma bari in yi maganar aikin hannun, don ni nake buɗe cikin irin waɗannan a shagona.

Ka fara da batir. Ka gwada shi da mita. Sabo yana ɗan haura volt 9, in ya gangaro wajen 7 sauti kan fara karyewa, musamman in ka daki tsirkiya da ƙarfi. Ka nemi alkalin, ba mai arahar nan ba. Kuma ka riƙa zare waya in ka gama, domin jak ɗin, ramin da wayar ke shiga, shi ne makunnin batir. Muddin waya na ciki, yana ci ko ba ka kiɗa.

Sannan ka kwance murfin baya ka duba. In jar wayar batir ta shiga cikin fikof ɗin kansa, kamar yadda yake a irin na EMG, to lantarkin na cikin fikof, kuma fot ɗinsa, wato na'urar da mamurɗi ke juyawa daga ciki, mai ƙarfin 25k ne. In ba haka ba, fikof ɗinka na gargajiya ne, masu son 250k ko 500k. Wannan bambancin shi ne inda masu gyaran rediyo suke yi wa mutane ɓarna. In na gargajiyar ne, akwai gwaji na kyauta: a tsallake firi'am, a haɗa fikof kai tsaye zuwa jak. In muryar ta fito da rai, firi'am ne ke danne ta, canji zai biya ka. In ta fito a mace, ko wanne ka sa, gawar zai yi wa kwalliya.

OBP-3 ɗin kuwa abu ne mai kyau. Kaurinsa na 40 Hz, kaifinsa 6.5 kHz, tsakiya kuma kana zaɓar 400 ko 800. Yana aiki da batir ɗaya ko biyu. Biyun, wato volt 18, suna ba sauti sarari ne kafin ya karye, ba wata sabuwar murya suke kawowa ba. Akwai kuma Bartolini NTMB, mai zaɓin 250, 500 da 800. Matsalarka ramuka: kana da huɗu, kana bukatar biyar saboda mamurɗin tsakiya. Kada ka bari a huda maka itace. Akwai fot mai hawa biyu, kauri da kaifi a rami ɗaya, ka sa a haɗo maka da shi. Ka auna faɗin ramin bayan tukuna, ka ɗauki hoton wayoyin kafin a sa musu dalma.

Tsuwar kuma, in tana ƙaruwa ne lokacin da aka tayar da janareta ko ka matsa kusa da fitilu, a shimfiɗa tef ɗin tagulla a cikin ramin a haɗa shi da wayar ƙasa.

'Yar Sitidiyo:

Yayana, ni daga gefen mikza, na'urar da ke haɗa sautin kayan kiɗa duka, nake kallon abin. Masu bes da yawa suna turo mana kauri fiye da kima, mu kuma dole mu yanke don ya bar wa babbar ganga wuri. Ka taɓa tunanin firi'am na ƙasa, wanda ake takawa? Irin SansAmp Bass Driver DI ko Aguilar Tone Hammer. Ba ka yanka waya ko ɗaya ba, yana ba mu layi mai tsafta zuwa mikza, kuma ranar da ka canja jita yana nan tare da kai. Tone Hammer yana da mamurɗin da za ka nemi tsakiyar da kake so da kunnenka.

Mai Tsirkiya Biyar:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba, ka kama ni: tsirkiyar da na sayo ta da ita ce har yau. Na sa sabuwa ranar Alhamis, batir ɗin ma 7.2 mita ta nuna. Jiya na mayar da mamurɗai tsakiya kamar yadda ka ce, mai gangunanmu ya waiwayo tun a waƙar farko ya ce yau yana jina. Tsuwar dai tana nan.

Oga Mai Dalma, na buɗe, babu jar waya zuwa fikof, na gargajiya ne. Ranar Asabar za mu yi gwajin tsallakewar, mu sa tagullar a lokaci guda. Wayar ƙasan da ta fito daga gada, a jikin tef ɗin zan liƙa ta, ko a bayan fot?