Idan addu'a ta ƙi fita daga baki, me ya riƙe ku?

Maman Tagwaye, Tudun Wada, Jos:
Salama a gare ku 'yan'uwa. Maigidana ya koma ga Ubangiji bara da damina, bayan doguwar jinyar ƙoda. Lokacin zaman makoki gida ya cika maƙil, 'yan Zumuntar Mata ta majami'armu sun kwana suna waƙa, ba abin da ba a yi mini ba. Da aka naɗe tabarmi kowa ya kama gabansa, sai na tarar ba na iya addu'a. In na durƙusa na ce "Ya Uba", sauran sai ya maƙale a wuya. Ni da nake buɗe taron zumunta da addu'a! Sujada ma don yara nake zuwa. Ba wa'azi nake nema ba, ayoyin na san su. Wanda ya taɓa shiga wannan hali ya gaya mini abin da ya riƙe shi.

Mai Takalma, Terminus:
Sannu da haƙuri, Mama. Shagon babanmu ya tafi a gobarar babbar kasuwar Jos a 2002, muka koma kasa kaya a bakin titi, ni da ƙanena. Ranar Talata 20 ga Mayu 2014 bama-bamai biyu suka tashi a kasuwar Terminus. Na farkon bai taɓa mu ba. Ƙanena ya ruga ya taimaki waɗanda suka ji rauni, na biyun ya same shi a can. Mutum sama da 100 suka rasu ranar. Abin da ya fi ci mini rai shi ne alheri ya je yi. Na yi fushi da Allah, fushi na gaske, har na daina taɓa Littafi Mai Tsarki.

Wani tsohon fasto da ke sayen takalmi a wurina ya zo ya zauna a bencina. Bai ce in yi haƙuri ba. Ya ce in na koma gida in rufe ƙofa in karanta Zabura 88 da ƙarfi. Na karanta ina jiran wurin da mai zaburar zai juya ya yi yabo kamar yadda suka saba, har ta ƙare bai juya ba, da maganar duhu ya rufe. Kuma Allah ya bar ta a cikin Littafinsa. Nan na gane ƙorafi ma addu'a ce muddin wurinsa kake kaiwa. Da ita na rayu tsawon lokaci, sai Zabura 13 mai tambayar har yaushe. Mama, in bakinki ya ƙi, ki ari na masu zabura.

Ɗan Kwaya (mawaƙin majami'a), Bukuru:
Mama ki shiga azumi ki tsawata wa ruhun baƙin ciki. Mai bi ba ya makoki kamar marasa bege.

Nas, Nyanya, Abuja:
Ɗan'uwa, a yi a hankali. Bulus bai hana makoki ba, makoki marar bege ya hana. Yesu da kansa ya yi kuka a kabarin Li'azaru, alhali ya san zai tashe shi. Kuma matar da ta daɗe tana jinyar miji ba azumi za a fara ɗora mata ba. Ku duba 1 Sarakuna 19: Iliya ya kwanta a gindin itace yana roƙon mutuwa, mala'ika ya tashe shi ya ba shi abinci da ruwa, ya sake barci, aka sake tashinsa ya ci. Sai daga baya Allah ya yi masa magana a dutsen Horeb.

Mama, kina cin abinci? Kina barci? Ina aiki lokacin da bam ya tashi a tashar motar Nyanya a Afrilun 2014, ni ma barci ya guje ni, sai da na ga likita. In rashin barci da ramewa sun daɗe, ko zuciya ta fara raya miki gara mutuwa, ki je asibiti ki faɗa musu ƙarara. Wannan ba raunin bangaskiya ba ne.

'Yar Bokkos, yanzu a Kabong:
Mama, ni jajibirin Kirsimetin 2023 ne. Muna shirin biki aka shigo ƙauyenmu da dare. Na rasa babana da yayana, muka kwana a daji cikin sanyin hunturu. Gwaggona ta kawo ni Jos. Har yau in yara suka fasa abin wasan wuta jikina rawa yake yi.

Ban yi addu'a ba, yi mini aka yi. Duk Alhamis mata daga majami'ar gwaggo sukan zo, su shimfiɗa buhu a tsakar gida, mu zauna muna feraye dankali. Ba wadda ta taɓa cewa in ba da labarin daren. In za su tafi sai babbar cikinsu ta kama hannuna, nata duk ƙasar dankali, ta yi addu'a gajeriya, ni tawa "amin" ce kawai. Ita ce ta tuna mini da shanyayyen nan na Markus 2: mutum huɗu suka ɗauko shi, suka buɗe rufin ɗaki, kuma bangaskiyarsu Yesu ya gani. Ta ce, 'yata, kwanta a tabarmarki, mu ne masu ɗauka yanzu. Mama, kin daɗe kina ɗaukar wasu a zumunta. Ki gaya wa shugabarku gaskiya, ki bari su ɗauke ki.

Dattijo, Anguwan Rukuba:
'Yata, Allah ya ta'azantar da ke da marayun. Nawa daban ne amma zan faɗa. A rikicin Jos na Nuwamba 2008 aka ƙone gidan da na gina da kuɗin sallamata. Maƙwabcina Musulmi ne ya ɓoye iyalina a ɗakin matarsa har sojoji suka zo, wannan ba zan mance ba har in mutu. Amma na ga fuskokin wasu cikin masu cinna wutar, yaran da na sani ne. Daga nan in ana Addu'ar Ubangiji a sujada, da an zo wurin gafarta wa waɗanda suka yi mana laifi sai in yi shiru, in jira a wuce. Ban so in yi wa Allah ƙarya. Na daɗe a haka, ina dattijon ikilisiya kuwa. Abin da na iya kawai shi ne in ce masa ba na iyawa, ya ba ni son iyawa. Gafarar ta zo kaɗan kaɗan, kuma akwai ranakun da nake sake yin ta daga farko. Romawa 8:26 ta ce ba mu san yadda ya kamata mu yi addu'a ba, Ruhu ne yake roƙo dominmu da nishin da baki ba ya iya furtawa. Wannan "Ya Uba" da kike faɗa ta isa inda za ta.

Gwauruwa, Dadin Kowa:
Yaya, ni nawa mijin hatsarin mota ne a hanyar Akwanga. Kada ki jira salama ta sauko rana ɗaya, ni dai ba haka ta zo mini ba. Abu biyu suka fi mini wuya: kujerarsa a majami'a, da dangin da suka fara maganar fili tun ba a yi nisa ba. Na canza wurin zama, na koma kusa da mawaƙa, waƙa takan shiga ko da wa'azi bai shiga ba. Maganar filin kuma dattawan ikilisiya ne suka zauna da dangin.

Addu'ar farko da ta fita daga bakina cikakkiya ba a majami'a ba ce. An koro autana saboda kuɗin makaranta, ina tsaye ina dama kunu, sai na ji ina cewa, Ubangiji kai ka ce kai ne uban marayu, to ga ɗanka nan an koro shi. Kuɗin ba su faɗo daga sama ba, adashin zumunta aka ba ni ɗauka kafin lokacina. Amma tun ranar na ci gaba da yi masa magana, yawanci a bakin murhu. In kin yarda ki turo mini saƙo, Tudun Wada ba nisa, zan shigo bayan sujada.