"A bari ya huce shi ke kawo rabon wani", wai har a rubutun labari?

Uwar Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya muka yi ka-ce-na-ce da yayata mai duba min rubutu. Wani babi ne ya zo min cikin dare, na tashi na yi ta taifin har asuba ko ɗaga kai ban yi ba, da safe na ce zan sakar wa masu karatu ta ce a'a in ajiye shi tukuna ya kwana biyu. Na ce mata a bari ya huce shi ke kawo rabon wani, ta ce wai nan ba muhallinsa ba ne. Don Allah wa ke da gaskiya?

Ɗan Alƙalami: Wa alaikumus salam. Hajiya tashin da kika yi kam daidai ne. Ilhamar nan in ta sauko ba ta jiran kowa, kana cewa bari gari ya waye to ka wayi gari kana tuna akwai wani abu mai daɗi amma ka rasa ko mene ne. Ni a gurina wanin nan mantuwa ce, ita ke cinye rabon.

Malam Na Gefe: Amma fa Yaya ba rubutawa ta hana ba, sakewa ta hana. Mary Shelley, marubuciyar Ingila, tana da shekara 18 a 1816 tunanin labarinta Frankenstein ya faɗo mata da dare, ta kama shi da zafinsa, amma littafin sai 1818 ya fito. Abin da ka rubuta ƙarfe uku na dare kai kaɗai yake burgewa, sauri kuma ya haifi nawa.

Ɗan Alƙalami: Malam ai da zafi-zafi ake dukan ƙarfe.

Baban Soro: Ni wannan saukowar ce ma ban yarda da ita ba wlh, lalaci ne aka yi wa ado. Anthony Trollope na Ingila ma'aikacin gidan waya ne, ƙarfe 5:30 na asuba yake zama da agogo a gabansa, kalma 250 duk minti 15, sannan ya tafi aiki, a rayuwarsa ya rubuta littafin labari 47. Shi wace ilhama ya jira ta sauko masa?

Gimbiya: Baba ka taɓa karanta ko ɗaya a cikin 47 ɗin? hhhh

Baban Soro: 'Yar nan ki kiyaye ni.

Autar Kaka: Ku tsaya ku ji ta kakata, Allah ya ji ƙanta. Ita in tana ba mu labari da dare sai ta kai daidai inda kowa ya buɗe baki, yarinya ta sa hannu za ta buɗe ɗakin da aka hana ta buɗewa, sai ta yi hamma ta ce barci take ji. Mu yi ta magiya har da kuka, ina, ta juya mana baya. Sai da na girma take gaya min wai wani lokacin ita kanta ba ta san abin da ke cikin ɗakin ba, washegari tana aikinta tana 'yan ƙunƙuni ita kaɗai muna cewa tsufa ne, ashe labarin take tauna. To wata rana ƙanwarta ta zo kwana, ta tarar da mu da rana mun yi jugum, ta tambaya muka faɗa mata inda aka tsaya, kawai baiwar Allah ta ƙarasa mana, ta ce dodo ne a ciki ya haɗiye yarinyar, shi ke nan. Dare ya yi Kaka ta gyara zama za ta ɗora, ƙanina ya ce ai mun ji ƙarshen. Wlh ban taɓa ganin ranta ya ɓaci irin na ranar ba, ta dubi ƙanwar ta ce wa ya aike ki? Sannan ta ce mana ai wadda dodon ya haɗiye ba yarinyar ba ce, inuwarta ce, kuma ta ja labarin wata hanya daban, yarinya na yawon neman inuwarta gari gari, har yau ban ji labarin da ya kai shi daɗi ba.

Gimbiya: To ga shi nan ai! Ta bari ya huce ya zama rabon ƙanwa.

Malam Na Gefe: Ko kuma hucewar ce ta haifi maganar inuwa. Ernest Hemingway, marubucin Amurka, ma shawararsa ke nan, ka tsaya alhali ka san abin da zai biyo baya don gobe ka sami mafari.

Autar Kaka: Malam ai ita ba ta sani ba take tsayawa. Kuma ni a ganina haushi ne ya kawo inuwar nan, ba hucewa ba.

Baban Soro: Matsi dai, abin da nake faɗa ke nan. Ruwan Bagaja ma gasar rubuta labarai ta 1933 ce ta sa Abubakar Imam ya rubuta shi.

Mai Tsokana: Ni kam na san mutanen da ba sa bari ya huce, kasafi na fitowa sun lashe tun yana tururi.

Gimbiya: Amma aikin da suka aza wa harsashi ya huce har ciyawa ta rufe allon.

Mai Tsokana: Ranki ya daɗe ai su ne manyan marubuta ƙagaggen labari, sai dai ilhamarsu shekara huɗu-huɗu take sauka, kuma babi ɗaya suke ta maimaitawa.

Ɗan Alƙalami: Kai Mai Tsokana za ka ja a kwashe mu.

Uwar Biyu: Jama'a ni fa har yanzu ba wanda ya ce min in saki babin ko kar in saki.

Mai Tsokana: Turo min in adana miki Hajiya, ba zan taɓa ba.

Gimbiya: Wani ya bayyana 😂 Auta don Allah yarinyar ta samu inuwar tata kuwa?

Autar Kaka: Ta samu a kasuwar aljanu an sa ta a gwanjo, amma cajina saura kaɗan, sai an kawo wuta.

Baban Soro: Jinin Kaka ne wannan, ƙarya take, ba ta san ƙarshen ba.