Ba dole sai an sake sabuwar rayuwa a Janairu ba

A wata majalisar shayi kusa da kasuwar Wunti a Bauchi, hira ta kai kan yadda Facebook ke cika da alkawura duk farkon Janairu: wannan zai sayi fili, wancan zai rage tumbi.

Dattijon majalisar ya kawo hadisin Nana A'isha da ke Bukhari da Muslim, cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kai, ko da kaɗan ne. Ya ce mai sallar asuba a jam'i, ya buɗe shago da wuri, ya zuba adashinsa ba fashi, ai yana da tsari, rubutawa ce kawai bai yi ba. Nan na fi gamsuwa.

Wani tela ya ce Janairu ma ba watan ɗaukar sabon nauyi ba ne, ga kuɗin makaranta na zango na biyu, ga aljihun da bukukuwan Disamba suka ƙwaƙule.

Wani matashi dai bai yarda ba, wai wadatar zuci kan zama mafakar malalaci. Dattijon ya ce, "To, ɗana, zaɓi abu ɗaya ka gyara, sauran ka ƙyale su." Ya zaɓi daina danna waya bayan isha'i.