Ina son ɗaukar hoton mutane a kasuwa amma gabana faɗuwa yake

Ɗan Garin Malam: Salamu alaikum 'yan uwa. Yayana da ke Aljeriya ya aiko mini kyamara Canon tun kafin azumi. Sai da ta yi wata biyu a Agadas hannun wani direba, har mun fid da rai, da ta iso ma sai da na canza batir. Gini ina ɗauka lafiya lau a nan Damagaram: zanen gidajen unguwar Birni, duwatsu, ƙofar fadar Sarki. Amma mutum, ko ɗaga kyamarar ba na iyawa. Ran Alhamis a Kasuwar Dole na ga wani dattijo baduku yana ɗinka takalmi, zare a baki, rana na dukan yatsunsa. Na daɗe tsaye, na tafi ban ɗauka ba. Tun abin da ya faru bara nake haka. Ku ba ni shawara don Allah.

Mai Hoton Zongo: Ƙanena, tun zamanin fim nake wannan sana'a. Rataya kyamarar a bayanka, ka yi sallama, ka durƙusa ka gaishe shi, ka tambayi kuɗin takalmin. Koma gobe, koma jibi. Rana ta uku ka ce "Baba, ka yarje mini?" Ka wanko hoton ka kai masa. Wata hanya babu.

Maman Biyu: Ni dai ku ji tsoron Allah. Wani ya ɗauki ƙanwata tana layin famfo da jarkoki, sai ganinta muka yi a TikTok. Har yau mijinta bai huce ba. Ga wahalar ruwa, ga tonon silili.

Kabu-kabu 7: Bari Babbar Sallah, wajen hawan ƙaho kowa ɗauka yake, ba mai kula ka. Ko ka miƙa dala ashirin a wuce wurin.

Mai Hoton Zongo: Kuɗi? Ku ne kuka ɓata mana aiki! Yanzu yaro na ganin kyamara sai ya miƙo hannu. Kuma ka kiyayi barikin soja da shingen jami'an tsaro, can ko ka gaisa ba a ɗauka. Me ya faru bara?

Ɗan Garin Malam: Wata mai fura na ɗauka da salula, ta yi mini ihu, mutane suka taru sai da na goge. Amma Malam, in na nemi izini sai mutum ya gyara hula ya ƙame kamar hoton katin ɗan ƙasa. Ni ba wannan nake so ba, zaren nan na bakinsa nake so.

Maman Biyu: Ashe ba ka tambaye ta ba. To ai ta yi daidai.

Ɗan Garin Malam: Hajiya, ban sa a intanet ba fa, ajiyewa kawai nake.

Mai Hoton Zongo: In ya saba da kai zai manta da kai ya ci gaba da ɗinkinsa. Ka je gobe.

Ɗan Garin Malam: Gobe Juma'a, ban san ko yana fitowa ba. Akwai mai sayar da gilashin kyamara mai jawo nesa a nan Damagaram?