Lojistik: da wane suna za mu kira aikin Kawu da Hausa?

Assalamu alaikum. Zaren yau na neman kalma ne, kuma na zo da tawa shawarar a hannu don ku gwada ta. Ina neman Hausar abin da Turawa ke kira lojistik. Ba don ƙawata harshe nake nema ba. Akwai wanda rashin kalmar nan ya taɓa masa abinci a gabana, kuma yayan mahaifiyata ne.

Kawu ya yi shekara 35 a soja, mafi yawansu a sashen da ke ciyar da runduna da ɗaukar kayanta. Ya zaga ƙasa, ya ƙare a barikin Giginya nan Sakkwato. Kafin a sallame shi an tura shi cibiyar nan ta Oshodi a Legas, inda ake koya wa sojojin da za su ajiye kaki sana'ar da za su riƙe. Ya dawo gida da sauran ƙarfinsa, ba ya son zaman ƙofar gida. Sai na raka shi wurin wani attajiri mai manyan motoci, da muka ji yana neman wanda zai tsaya masa a kan harkar.

Mutumin ya karɓe mu da mutunci, ya sa aka kawo ruwa. Ya ce, "Baba, wane aiki kaka yi can soja?" Kawu ya ce lojistik. Aka yi shiru. Sai ya gyara, ya ce sito da motoci. "Direba ke nan?" A'a. "To mai tsaron sito?" Kawu ya fara bayani, bayanin ya yi tsawo, waya ta yi ƙara, hankalin mai gida ya rabu. Da ya ajiye wayar sai ya ce akwai gurbin shugaban masu gadi, in Baba yana so.

Ban ga laifin attajirin ba. Abin da aka san tsohon soja da shi a garin nan shi ya miƙo. A hanyar komawa Kawu ya daɗe bai ce komai ba, sai da muka kusa gida ya ce, "Ɗana, aikin ga da munka yi ba shi da suna ga bakin mutanenmu. Ƙaƙa za a biya ka ga abin da ba a san sunanai ba?"

Tun ranar nake neman sunan.

Bari in faɗi aikin tukuna, don kada mu raɗa wa jaririn da ba mu gani ba suna. In aka ce sojoji 120 za su fita daji kwana 10, kafin kowa ya ɗaura takalmi wani ya zauna da biro. Buhun shinkafa nawa, jarkar ruwa nawa, gangar man gas nawa, taya da safaya nawa, magani, albarusai. Mota nawa za ta ɗauka, wacce ce a gaba, ina za a kwana, in gada ta karye ta ina za a bi. Me ke cikin sito yau, me zai ƙare ran Alhamis, wa ya sa hannu ya karɓa. Kawu yana da ƙaramin littafi mai baƙin bango da har yanzu yake ajiye da shi, kowane shafi an ja masa layi da hannu: abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ya rage. Ko a gida bai yarda a buɗe sabon buhun gero ba sai tsohon ya ƙare. Wanda ya riga shiga shi ke riga fita, haka yake cewa.

Ka ga ke nan aikin ƙafa biyu gare shi. Ɗaya tana tsaye: a san abin da za a buƙata tun ba a buƙace shi ba, a samo, a adana. Ɗaya tana tafiya: a kai shi inda ake so a lokacin da ake so. Duk kalmar da ta ɗauki ƙafa ɗaya ta bar ɗaya gurguwa ce, kuma a nan mafi yawan waɗanda muke amfani da su suka faɗi.

Sufuri mota ce da hanya da kuɗin mota, babu sito a cikinsa. Dako na ɗan dako ne da mai amalanke, sana'a ce mai albarka amma ba ita ba ce. Safara kuwa labarai sun riga sun ɓata ta, ka ce mutum yana safara sai a jira ka ce ta makamai ko ta miyagun ƙwayoyi.

Wadda ta fi damuna ita ce "kayan aiki", domin ita ta fi yawo a kafafen labarai. Ku tuna daren 16 ga Fabrairu 2019, lokacin da hukumar zaɓe ta ɗage zaɓen shugaban ƙasa zuwa 23 ga wata, sa'o'i kaɗan kafin a buɗe rumfuna, ta ce matsalar lojistik ce. Wanda ya ji an ce "matsalar kayan aiki" zai ɗauka kayan ne babu. Alhali babbar maganar ita ce isar da su kowace rumfa a kan lokaci. Da kaya da isar kaya, tsakaninsu akwai aikin mutum guda, kuma shi ne mutumin da kalmar ke shafewa.

Na koma baya na duba asalin ta Turawan. Daga Faransanci ta fito, kuma wani hafsa ɗan Switzalan mai suna Jomini, wanda ya yi aiki a rundunar Napoleon, shi ya yaɗa ta a rubutunsa na dabarun yaƙi a 1838. Ya danganta ta da hafsan da ke tsara tafiyar runduna da inda za ta sauka, tushen kalmar ma masauki yake nufi. Da na karanta haka sai zango ya faɗo mini a rai, domin mu ma mun daɗe da sanin wannan aikin. Ayarin fatake da ke tashi daga ƙasar Hausa zuwa Gwanja sayen goro watanni yake yi a hanya, da jakuna da mutane masu yawa. Akwai madugu uban tafiya, akwai jagaba, akwai uban dawaki. Wani ya san zangon da ke da ruwa, ya san inda za a biya kuɗin fito, ya san kwana nawa abincin dabbobi zai kai.

Kuma tarihin garin nan kansa ya shaida. Bayan hijirar Shehu zuwa Gudu da nasarar Tabkin Kwatto a 1804, abin da ya fi takura jama'a shi ne abinci. Ƙarancinsa na cikin dalilan da suka sa aka koma Sabon Gari a ƙasar Zamfara a 1805, daga nan kuma Gwandu, kusa da ƙasar Kabi mai albarkar noma. Mun haddace sunayen fagagen yaƙi, amma ba mu cika tambayar wa ya nemo hatsin ba.

Don haka na fara karkata ga kalmomi biyu na gida. Ta farko madugu, a ce maduganci. Tana da daɗin faɗi, kuma madugu shi ne ainihin mai wannan aikin a da. Sai dai yau in ka ce madugu, madugun 'yan tawaye ko madugun adawa ake ji. Ta koma shugabanci, ta bar lissafi. Na haƙura da ita ba don ina so ba.

Ta biyu guzuri. Wannan ta fi shiga raina, har na kwana biyu ina cewa ita ce. Guzuri tanadi ne da aka yi saboda tafiya, ƙafa biyun nan duk suna cikinsa. A bakin soja ta zauna daram: guzurin runduna, hanyar guzuri, an datse musu guzuri. Amma ka fito da ita daga bariki ka gani. Simintin da ake lodi a Kalambaina ba guzurin kowa ba ne. Allurar rigakafin da dole a riƙe ta cikin sanyi tsakanin digiri 2 da 8 tun daga babban sito har ƙauyen da ke bayan Illela, ita ma ba guzuri ba ce. Guzuri naka ne, kai za ka ci a hanya. Ɗan lojistik kayan wani yake kai wa wani. Ga shi kuma ni kalmar da za ta raka Kawu daga bariki zuwa kasuwa nake nema, ba wadda za ta tsaya a ƙofar bariki ba.

Abin da na tsaya a kai shi ne: tanadi da jigila.

Hausa ta saba ɗaukar babban abu da kalmomi biyu. Muna cewa shige da fice, muna cewa tsimi da tanadi, muna cewa saye da sayarwa, ba wanda ya ce sun yi tsawo. Tanadi ya ɗauki hange da lissafi da ajiya. Jigila ta ɗauki kai da komowa, kuma ta fi sufuri dacewa domin jigila ba tafiya ɗaya ba ce, zuwa ne da dawowa har aikin ya kammala. Duk Basakkwace ya san jigilar alhazai daga filin jirgin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, ya san ba tashin jirgi kawai ake nufi ba.

Ku gwada ta a baki. Jami'in tanadi da jigila. Kamfanin tanadi da jigila. An ɗage zaɓe saboda matsalar tanadi da jigila. Ya yi kwas ɗin tanadi da jigila a cibiyar koyon fasahar sufuri ta Zariya, wadda aka kafa tun 1986. Ni dai ban ji inda ta yi tuntuɓe ba.

Na gwada ta a inda ya fi muhimmanci, wato kasuwar albasa ta Ramin Kura. Na je da Kawu wurin wani abokin mahaifina da ke lodi zuwa Kudu, na ce masa, "Baba, ga Kawu, aikinsa a soja tanadi da jigila." Bai tambaye ni ma'ana ba. Cewa ya yi, "To shi zo shi ga tamu jigilar." Kawu ya tsaya bakin tirela ana ɗora buhuna, ya shiga tambaya. Wannan albasar yaushe aka ciro ta daga rudu, ma'ajiyarta, ta bushe sosai ko da sauran danshi? Kwana nawa motar ke yi ta Jega, Yawuri, Kwantagora, Mokwa, Jebba har Legas, tafiyar kimanin kilomita 1,000? Ina direba ke shan mai, wa ke riƙe rasit? In ta lalace a daji wa ake kira? Sai ya yi tambayar da ta sa dattijon ya gyara zama: in ta sauke albasa, da me take dawowa? Motar da ta dawo wayam ta ci ribar zuwa. Garin da layin dogo bai iso ba, tun 1929 ya tsaya a Ƙauran Namoda, duk abin da muke ci da wanda muke sayarwa a kan taya yake, irin wannan tambayar kuɗi ce tsagwaronta.

Ba na cewa suna kaɗai zai ba tsohon soja aiki. Kawu da kansa ya faɗa mini abin da ya tarar a wajen bariki. Can umarni ake bayarwa a bi, nan sai ka lallashi direba, ka yi ciniki da ɗan kamasho, ka san shugabannin ƙungiyar tasha, ka haƙura da dillali. Can abin da ake tsoro shi ne kaya su yanke, ko nawa za a kashe. Nan kowane buhun da ya kwana a sito kuɗi ne a ɗaure, yawan ajiyar da ke sa a yaba maka a soja ita ke sa mai gida ya ɗaure fuska. Littafinsa mai baƙin bango kuma dole ya koma kwamfuta, ƙanwata ce ke zama da shi bayan isha'i tana nuna masa. Yana koyo, kuma ba ya jin kunyar tambaya.

Ƙari bayan la'asar, na karanta abin da kuka rubuto, na gode ƙwarai.

Wani malami ya ce tanadi ya riga ya shiga tsimi da tanadi, kada a rikita ɗalibai. Na duba maganar, amma kalma ɗaya tana zama a gida biyu ba a yi faɗa ba, abokiyar tafiyarta ce ke bambanta ta. Wata baiwar Allah ta kawo "isar da kaya". Tana da kyau ga mai babur da ke kai saƙo ƙofar gida, sai dai ta bar sito a baya. Masu cewa a bar lojistik yadda take, tunda mun karɓi sito da lodi da tirela, hujjarsu tana da ƙarfi, kuma na san a ofisoshi ita za a ci gaba da faɗi. Amma sito da tirela abubuwa ne da ido ke gani, ka nuna da yatsa an gane. Lojistik ba a nuna ta da yatsa, na kuma ga abin da ya faru da aka faɗe ta a gaban mai motoci.

Wanda ya fi tsaya mini shi ne wani tsohon soja da ya ce a bar wa bariki guzuri, a ba kasuwa tanadi da jigila. Na yarda da rabin maganarsa. Kayan da runduna ke ci da sha a kira su guzuri, wannan daidai ne. Amma sunan aikin ya zama ɗaya ciki da waje, don wanda ya fito ya iya cewa abin da na yi can shi zan yi muku nan.

Masu fassara labarai a gidajen rediyon garin nan, ina roƙon ku gwada ta ko sau ɗaya a labaran yamma ku ji ko masu sauraro za su yi tambaya. Daren jiya mun sake rubuta takardar neman aikin Kawu da Hausa, za a kai wa dattijon Ramin Kura ran Litinin. A layin sana'a ya karɓi biron da kansa ya rubuta: tanadi da jigila, shekara 35.