Wane wasa ne zai bar ni in tashi idan yara sun kira ni?

Mai Tsohon Allo: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na fara rubuta manhaja tun zamanin yaren kwamfuta na Turbo Pascal, na bi ta kan C da Visual Basic 6, yanzu kuma da Python nake neman abin kaina. Daga gida nake aiki, saboda haka wuni nake a gaban allo, idan dare ya yi kuma in sake komawa gabansa in huce gajiya da Dota 2, wasan yaƙi na intanet da ake yi biyar da biyar. Kun san yadda wasan yake: karo ɗaya kan ci minti 40 ko fiye, mutum tara suna jiranka, idan ka dakatar abokan hamayya na iya sake kunnawa, idan ka fice kuma a jefa ka layin waɗanda ake hukuntawa. 'Yata mai shekara 9 takan zo da littafin lissafinta ta tsaya a bakin ƙofa, ni kuma in ce mata, "Bari in gama wannan," kafin in gama ta yi barci a kan kujera da fensir a hannu. Ina neman shawararku a kan wasan da zan iya ajiyewa duk lokacin da aka kira ni, wanda ma za mu iya yi tare da ita da yayanta mai shekara 13. Sannan ko ya dace in bar su su riƙa wasa a kan kwamfutar da nake aiki da ita?

Malamar Lissafi: Wa alaikumus salam Yaya. Ka gwada Stardew Valley, wanda mutum ɗaya, Eric Barone, ya rubuta shi kaɗai ya fitar a 2016. Noma ne da kiwo da kamun kifi, babu mai zagin wani, kuma tun ƙarshen 2020 ana iya raba allo ɗaya a yi tare. Abin da ya sa nake son sa ga mai iyali shi ne kwanan wasan bai cika kwata na awa ba, kuma ba ya adana abin da aka yi sai an shiga gado a cikinsa, don haka yaro da kansa yana ganin inda za a tsaya. Mu a gidanmu doka ita ce kwana biyu na gona, sai a kashe.

Injiniya: Factorio, wasan gina masana'anta, zai fi dacewa da ƙwaƙwalwarka, Malam.

Dattijon Zaure: Injiniya, ka ji tsoron Allah. Mutum ya wuni yana neman inda manhaja ta toshe, kai kuma kana tura shi ya kwana yana neman inda bel ɗin masana'anta ya toshe. Wannan ai kamar a ce wa tela ya huta da ɗinki ne.

Injiniya: Ranka ya daɗe, amma ai ana dakatar da shi, kuma abin da ya tambaya ke nan.

Abban Samari: Ni a kan tambayarka ta biyu zan tsaya, Malam, domin a can ne na sha wuya, kuma ba na fatan ko maƙiyina ya sha irinta. Ɗana na fari yana yin wani wasan harbe-harbe a kan kwamfutar aikina, da akawun ɗina, wanda ke da cikakken ikon shugaban na'ura. Wani da suka haɗu a wasan ya turo masa fayil, ya ce idan ya saka zai riƙa ganin abokan gaba ta bayan bango. Bayanin da ke tare da fayil ɗin ya ce sai an kashe manhajar tsaro kafin a saka, wai don tana yi masa kallon bairos bisa kuskure, yaro kuwa ya bi umarni tiryan-tiryan.

Ban ga wata alama ba, kwamfuta ba ta yi nauyi ba, babu abin da ya ɓace. Sai da safe wani abokin aikina ya kira ni yana tambaya me ya sa na tura masa saƙo da tsakar dare ina neman ya buɗe wani fayil. Abin da irin wannan manhaja take yi shi ne ta kwashe kalmomin sirrin da burauza ta adana, tare da ƙananan fayilolin da shafuka ke ajiyewa don su tuna cewa ka riga ka shiga. Wannan na biyun ya fi muni, domin wanda ya same su ba ya buƙatar kalmar sirrinka, ba ya buƙatar lambar tabbatarwar da ake turo maka a waya, shafin yana ɗauka kai ne. Ga mai irin aikinmu kuma akwai makullan SSH, waɗanda ake shiga wasu na'urori da su daga nesa, da na shiga ma'ajiyar kod, duk suna zaune a wuri ɗaya a cikin akawun ɗin. Sai da na fitar da kaina daga kowane shafi a kan kowace na'ura, na soke tsofaffin makullai na ƙirƙiri sababbi, na goge rumbun ajiya kakaf na sake ɗora komai, sannan na rubuta wa mutanen da nake yi wa aiki na gaya musu abin da ya faru, wanda shi ne ya fi komai nauyi a baki. Ɗaya daga cikinsu bai sake ba ni aiki ba.

Yaron kuwa kusan mako guda ba ya iya haɗa ido da ni, duk da ban ɗaga masa murya ba, domin abin da ya yi kowane yaro mai shekarunsa zai iya yi. Saboda haka shawarata ita ce ka raba na'ura. Ko tsohuwa ce ka gyara musu, tasu daban, taka daban, kuma kada katin bankinka ya zauna a adane a kan tasu.

Ƙanin Kowa: Allah ya kiyaye gaba, Abba. Amma ba kowa ke da halin kwamfuta biyu ba. Idan aka buɗe wa yaro akawun nasa wanda ba shi da ikon shugaban na'ura, ai ba zai iya kashe tsaro ba, kuma abin da ya saka ba zai ga fayilolin babansa ba.

Abban Samari: Gaskiya ne ƙanena, hakan yana rage haɗari sosai. Sai dai ranar da wasa ya nemi izini uba yana tsakiyar aiki, zai faɗi kalmar sirrin daga inda yake zaune don a bar shi ya sarara, daga ranar kuma shinge ya faɗi.

Ɗan Linux: Duk wannan dogon labari bai taso ba da kuna kan Linux maimakon Windows. Tun da kamfanin wasanni na Valve ya fitar da Proton a 2018, manhajar da ke sa wasannin Windows su tashi a kan Linux, dubbansu suna tafiya lafiya lau, na'urar wasansu ta hannu, Steam Deck, ma da Linux take aiki. Yaya, idan kana da tsohuwar na'urar da Windows 11 ta ƙi saboda ba ta da sashen tsaro na TPM 2.0, kada ka jefar da ita. Tallafin Windows 10 ya ƙare a 14 ga Oktoba 2025, ka ɗora mata Linux Mint ka miƙa wa yara.

Injiniya: Na san ba za a kai saƙo goma ba sai ka iso. Ka gaya masa gaskiya dai, wasannin Valorant da Fortnite ba sa tashi a can saboda manhajarsu ta hana maguɗi, kuma ɗan shekara 13 abin da abokansa ke yi shi zai nema.

Ɗan Linux: To ai wannan riba ce ga uba, ba asara ba.

Dattijon Zaure: Ku biyun nan tun rigimar wacce ta fi a manhajojin rubuta kod, Vim ko Emacs, ba ku taɓa yarda da juna ba, kuma har yau babu wanda ya sauya ra'ayi ko da taƙi ɗaya.

Injiniya: Baba, shi ne har yanzu bai san yadda ake fita daga Vim ba, shi ya sa ya ce yana son sa.

Wata 'Yar Uwa: Ku yi haƙuri in sa baki a matsayin matar mai irin wannan aiki. Malam, abin da ya fi damun iyali shi ne ba su san lokacin da kake aiki da lokacin da kake wasa ba, domin kujera ɗaya ce, allo ɗaya, abin kunne ɗaya. Yaro ya saba an ce masa kada ya dame ka kana aiki, sai ya leƙo ya ga kana dariya da wasu mutane a cikin lasifika, shi kuma an hana shi shiga. Maigidana ya fitar da wasa daga ɗakin aiki ya kai falo, a kan talabijin, inda kowa ke gani yana kuma sa baki, kuma tun daga nan ƙorafin ya ragu ƙwarai.

Ƙanin Kowa: Ni dai ina ganin wannan jaraba ce kawai, a daina gaba ɗaya shi ne magani.

Malamar Lissafi: A yi hattara da wannan hukunci, ƙanena. Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka larurar wasan bidiyo a kundinta na cututtuka, ICD-11, wanda aka amince da shi a 2019 ya fara aiki a 2022, amma ta gindaya sharuɗɗa: mutum ya kasa sarrafa wasan, ya fifita shi a kan sauran al'amuran rayuwarsa, ya ci gaba duk da illar da yake gani, kuma yawanci sai an ga haka na aƙalla wata 12. Wanda ya zo da ƙafarsa yana neman wasan da zai bar shi ya tashi bai yi kama da wannan ba.

Dattijon Zaure: Ni da idanuna suka fara gajiya, dara ta Turawa, wato chess, nake yi a shafin Lichess, kyauta ne kuma babu talla. Akwai tsarin da ake ba kowa daga kwana ɗaya har zuwa 14 kafin ya motsa, sai in duba da safe, in yi tunani a hanya, in motsa da yamma. Jikana ma da shi muke bugawa, kuma ya fara cinye ni ba tare da na sassauta masa ba.

Injiniya: Idan ana maganar bi da bi ne, Civilization VI ma yana da tsarin da mutane ke karɓa-karɓa a kan kwamfuta ɗaya.

Abban Samari: Wannan kuma wa ya taɓa tashi daga kansa kafin ƙarfe biyu na dare?

Mai Tsohon Allo: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Abban Samari, labarinka ya sa na tashi na duba, na tarar babban yana shiga da akawun ɗina, na kuwa raba mana tun ɗazu. Sai dai da na kawo musu maganar gona, yaron ya ce shi Minecraft yake so, ƙanwarsa kuma ta goyi bayansa.

Malamar Lissafi: Ba laifi Yaya, amma ka sani a Minecraft na Java, wato wani bugunsa na kwamfuta, da zarar ka buɗe duniyarka don wasu su shigo ta intanet ɗin gida, dakatarwa ta daina aiki, dare zai yi dodanni su fito ko kana wurin ko ba ka nan. Ka sa shi a matakin lumana idan ƙaramar za ta shiga, kuma kowannensu sai ya sami nasa akawun.

Ɗan Linux: Na Java ɗin kuma yana tafiya a kan Linux ba tare da wata dabara ba, in dai ana son a ji gaskiya.

Injiniya: Malam, tsohuwar na'urar da za ka ba su, nawa ne girman RAM ɗinta, wato ƙwaƙwalwar aikinta? Ka faɗa mana tukuna, kafin wannan bawan Allah ya goge maka ita.