Askar mahaifina ta daina ci, ku ba ni shawara

Ɗan Wanzan: Assalamu alaikum. Mahaifina wanzami ne, ya rasu bayan ƙaramar sallah, zabirarsa ta dawo hannuna. Ni ɗinki na koya, amma tun ina yaro nake riƙe masa kwanon ruwa, na iya aski daidai gwargwado. Yana da amini, dattijo ne da ciwon ƙafa ya kwantar, wanda yake yi wa aski da gyaran fuska duk safiyar Juma'a tun ba a haife ni ba. Ya aiko in ci gaba, kuma da askar Baba yake so. Makon jiya na je. Aska sai jan gashi take yi, na ga ƙwalla a gefen idonsa amma bai ce uffan ba, albarka kawai ya sa mini. Na wasa har hannuna ya sage. Tana yanka takarda, ba ta cin gemu. Jibi Juma'a. Yaya zan yi?

Baba Wanzami: Allah ya jiƙansa. Ɗana, ba a gwada aska da takarda, dakusar da ita ma takarda take yi. A gashin dantsenka za ka gwada, a bushe. Da wane dutse ka wasa?

Ɗan Wanzan: Amin Baba. Dutsensa ya ɓace lokacin zaman makoki, sai na kai wa mai injin wasa wuƙa a kasuwa, na ƙarasa da dutsen kicin.

Baba Wanzami: Inna lillahi! Inji? Duba bakinta da rana. In ya yi shuɗi-shuɗi, zafi ya kashe ƙarfen wurin, sai an cinye shi a dutse. Nemi dutse mai santsi, ka jiƙa shi, ka kwantar da askar, kaifi a gaba, kada ka danna. Juya ta, kowane gefe adadi ɗaya. Sannan ka goga ta a fatar wasa aska: nan gadon bayan askar ne a gaba, kaifi na biye. Shekara 40 haka nake yi.

Maman Yara: Malam, ka sayi aska mai ɗaukar reza, kowane mutum da sabuwa. Ciwon hanta yana bin jini. Ranar sunan ɗana wani wanzami ya yanke shi a ƙeya, ko haƙuri bai ba ni ba, har yau abin yana cina.

Ɗan Wanzan: Hajiya, shi kaɗai nake yi wa da ita, kuma ina goge ta da sifirit. Mai injin ma ya san aikinsa, duk mahauta wurinsa suke zuwa.

Baba Wanzami: Wuƙar fawa daban, aska daban.

Na Bakin Kasuwa: Ni ban yarda laifin inji ba ne. Ka jiƙa gemun da ruwan ɗumi da sabulu ya yi laushi? Furfura tana da tauri. Kuma ɗaga bayan askar kaɗan ake yi a dutse, ba kwantarwa ba. Ni abin da ke damuna, maƙeran yanzu duk ƙarfen da suka tsinta shi suke ƙerawa, aska uku na saya bana babu ta kirki.

Baba Wanzami: Wanda ya ɗaga ya ɓata baki. Kada ka saurare shi, ɗana.

Ɗan Wanzan: Da ruwan randa Baba yake jiƙawa, ban taɓa ganin ya ɗumama ba. Fatar tana nan cikin zabira amma ta bushe ta tsage. Bel ɗina zai yi? Kuma ina zan sami dutsen kafin jibi?